Maɓallin Hagu

Kafin hantsi nake sauka daga trotro a mahaɗar Tek,
in gaishe su da tsintsiya da bokiti:
ɓeraye ashirin da huɗu, farare kamar auduga,
idanunsu jan goro.
Dokta Ofosuwaa lamba take ba su.
Ni kuwa na raɗa wa na keji na tara suna, Tsammani.

A akwatin gwaji maɓalli biyu ne.
Na dama ɗan halak ne, yana cika alkawari:
danna goma, tsaba ɗaya,
yau haka, gobe haka, kamar awon mudu.
Na hagu ba a san gabansa ba.
Wata sa'a danna biyu ya zubo,
wata sa'a arba'in, shiru,
sai ka juya baya ka ji ƙwas a cikin kwano.

Rabinsu a dama aka raine su, rabi a hagu.
Na dama in sun ci sai su huta, su gyara gashin baki,
sun san nisan kasuwa.
Na hagu ba su san hutu ba.

A mako na shida Dokta ta toshe bututun abinci.
Ta ce, daga yau babu, mu ga wa zai fara haƙura.
'Yan dama suka danna goma, suka ƙara goma,
suka shinshina kwano,
suka koma lungu suka naɗe.
Tsammani ya danna sau ɗari huɗu da sha biyu.
Na'ura ce ta ƙirga, ni na kwafe a takarda.
Washegari ya dawo bakin aiki
kamar wanda ake binsa bashi.

Da yamma na koma Aboabo.
Memuna na bakin murhu, waya a gefen turmi.
Barikisu tana kira daga Tamale kowace Juma'a bayan masallaci;
ran da ba ta kira ba, uwarta ta ce ƙila kati ya ƙare,
ta ci gaba da tsince wake.
Mutawakilu fa,
shekara uku ke nan da ya bi hanyar Agadas.
Ya kira sau biyu a watan farko.
Sai bayan wata bakwai, da tsakar dare, muryarsa kamar daga rijiya.
Sai ranar jajibirin Salla.
Yau wata goma sha ɗaya.

Akwai ɗan maɓalli a gefen wayar, mai kunna haske.
Hannunta da gari, da sabulu, da carbi,
ba ya wuce shi.
Halin aiki ya bi ni gida, wani dare na ƙirga:
sittin da ɗaya, tsakanin magariba da barci.
Ban gaya mata ba.

Na tambayi Dokta, yaushe zai daina?
Ta nuna mini layi a allon kwamfuta, yana gangarawa a hankali.
Ta ce duka suna dainawa, Baba Seidu, in aka jima.
Sai dai in tsaba ɗaya ta faɗo masa,
ko bisa kuskure,
to an koma farko.

Jiya wajen ƙarfe biyu wayar ta yi ƙara.
Memuna ta tashi zaune kafin in buɗe ido.
Kamfani ne, suna tallar garaɓasa.
Har asuba ina ganin hasken yana kunnuwa, yana mutuwa
a jikin kwanon rufi.

Yau Dokta ta tafi taro Accra.
Ni kaɗai ne, da ƙarar fanka,
da ƙas, ƙas, ƙas daga akwatin kusa da taga.
Akwai gyaɗa ɗaya a aljihuna, ragowar ta jiya.
Doka ta hana.
Ba dokar ce ta tsayar da ni ba.
Na ɓare ta, na murje ɓawon da yatsa,
na daɗe tsaye tana tafin hannuna.
Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya,
ya koma ga maɓallinsa.